Ba Kowane Tsakar Gida Ne Ke Zama Masana'anta Ba: Zare Daga 'Yar Dareta

1/ Jiya wani mai koyar da kasuwanci a nan ya rubuta wai duk wanda ke kai kayansa wani wuri a zuba masa a leda a liƙe, malalaci ne mai kyautar da ribarsa. Wai ka sayi ɗan injin liƙe leda, ka zauna a ɗakinka ka yi komai da kanka. Na ga matasa suna ta yaɗawa suna jinjina masa. Ni dai ban yarda ba. Zaren nan yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Bari in fara da ko ni wace ce, kafin a ce 'yar birni ce ke surutu. Ni 'yar Dareta ce, a ƙaramar hukumar Anka, jihar Zamfara. Sana'ata garin kunu, yaji da ƙuli-ƙuli. Ina aikawa Gusau, Sakkwato, Kaduna, wani lokaci har Abuja. Da jarin adashe na fara, ba wani mai kuɗi da ya tsaya mini.

3/ Kuma kayana ba a gida ake niƙa su ba, ba a gida ake zuba su a leda ba. Biya nake yi a yi mini a wurin da aka gina domin wannan aikin. Eh, ribata tana raguwa. Na sani, ni ke riƙe da littafin lissafin. Amma duk wanda ya san abin da "a yi shi a cikin gida" ya jawo mana a 2010 ba zai kira ni malalaciya ba.

4/ Da yawanku kuna firamare a lokacin, to ga labarin. Zinare ya yi tsada a duniya, mutanen yankinmu suka koma haƙa. Maza su haƙo dutse a daji, su zubo a buhu su kawo gida. A tsakar gida ake fasawa, a daka, a niƙa, a wanke, a shanya. Saboda me? Saboda ya fi arha, ba mai sace maka, kuma matan aure suna samun na kansu ba tare da sun fita ba.

5/ Ku sake karanta dalilan nan uku: arha, tsaro, aikin yi ga matan gida. Su ne dai dalilan da malamin kasuwancin nan ya kawo jiya. Ba mahaukata ba ne iyayenmu. Lissafi suka yi, kuma a ido lissafin ya fita. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen nan cike yake da dalma, kuma ƙurarsa guba ce.

6/ A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Farfaɗiya, amai, suma, sai rai ya yi halinsa. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magani ba sauƙi. Sai da aka auna jini aka gano gubar dalma ce.

7/ Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka da jami'an lafiya na Najeriya sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu a watan Mayun shekarar. Gidaje 119 suka shiga. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Kuma kashi biyu cikin uku na gidajen, a cikin gida ake sarrafa dutsen.

8/ Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Bagega, 'Yargalma, Tungar Guru. Ga wasunku sunaye ne kawai. Ni kuwa a nan dangina suke, a nan nake zuwa biki da suna. Yara aƙalla 400 suka tafi. Cikinsu har da ƙanena, bai cika shekara biyu ba. Ni ce mai goyonsa. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceto ne.

9/ Ina tuna lokacin da aka zo kwashe ƙasa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith tare da ma'aikatan jiha da matasan gari suka kankare saman ƙasar tsakar gidaje, aka kai rami aka binne, aka zubo sabuwa. Ma'aunin Amurka na lokacin ga wurin wasan yara 400 ne cikin miliyan. A wasu wurare a yankinmu an auna sama da 100,000.

10/ Bagega kuwa sai da ta jira har 2013. Sai da matasa irinku, su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a intanet da #SaveBagega kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin. Don haka kar wani ya ce mini rubutu a waya ba ya komai. Yana gyara, kuma yana ɓatawa. Shi ya sa shawarar jiya ta dame ni.

11/ Yanzu wani zai ce: "To Hajiya, mu yaji muke magana, ke kin kawo mana dutse." Ku saurara. Masanan da suka yi aikin kwashe ƙasar sun bi diddigin abinci ma. Sun gano yawancin gubar da ke shiga hatsi bayan girbi take shiga: wurin sussuka, shanya, niƙa da girki a wurin da ya gurɓace. Wato daidai matakan da ake ce mana mu yi a gida.

12/ Turmin da aka daka dutse shi aka daka gero. Injin da ya niƙa dutse da rana shi ya niƙa dawa da yamma. Buhun da ya ɗauko dutse daga rami shi aka karkaɗe aka zuba masara. Tabarmar shanya ɗaya ce. Ba mugunta ba ce, rashi ne da rashin sani. Amma guba ba ta tambayar niyyarka kafin ta shiga jini.

13/ Abin tsoro game da dalma: ba ka jin warinta a gari, ba ka ganinta a yaji. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, don ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfe ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa.

14/ To wa ke shan kunu? Yaron da aka yaye. Mai jego. Mai ciki. Wa ke cin yajin jego? Su ne ainihin kwastomomina. In na zuba musu garin da aka shanya a tsakar gidan da ban san me ke cikin ƙasarsa ba, na manna sitika mai kyau na rubuta "tsaftatacce", me na sayar musu? Ku ba ni amsa tsakani da Allah.

15/ Na san za a ce ai an kwashe ƙasar, an gama. An kwashe, gaskiya ne, kuma Allah Ya saka wa waɗanda suka yi. MSF ma ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. Amma haƙa ba ta tsaya ba. Gwamnatin tarayya ta hana a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Mai haƙa yana dawowa gida da rigarsa, takalminsa, babur ɗinsa, duk ƙura.

16/ Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2015 irin wannan ta faru a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Shekara biyar kacal bayan namu. Darasin bai ƙetare iyakar jiha ba. Ku ce mini shawarar "yi komai a gida" za ta dace da kowane gida a Arewa?

17/ To mu ajiye dalma gefe, mu ce gidanku a Kano yake ko Zariya, ba mai haƙa ko ɗaya a unguwarku. Mu yi lissafin kuɗi zalla, tunda shi malamin ya fi so. Ya ce injin liƙe leda ba shi da tsada. Haka ne. Amma injin nan shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za ka kashe, kuma shi kaɗai ya faɗa muku.

18/ Injin yana son wuta. Mu a ƙauye wace wuta? Janareto ke nan, fetur ke nan, kuma kun san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023. Ko sola, wadda kafa ta jari ne mai zaman kansa. Sai sikeli mai kyau, teburin da ake iya wankewa, safar hannu, hular kai, ragar taga, da ɗakin da ba a kwana a cikinsa.

19/ Sai asarar da ba a rubutawa. Lokacin da nake yi da kaina a wani ɗakin haya a Gusau, wata leda ta ƙone, wata ba ta kama ba, iska ta shiga ƙuli-ƙuli ya yi sanyi, yaji ya dunƙule da damina. Kwastoma ba za ta ce miki leda ce ta samu matsala ba. Shiru za ta yi, ta koma wurin wata, ta gaya wa ƙawayenta.

20/ Sai lokacinki. Daren da na kwana ina awo ina liƙi, saƙon masu saye na nan jibge a waya ban amsa ba. Da safe wasu sun saya a wani wuri. Na tsimi kuɗin mai liƙi, na rasa ciniki. Mai sana'a ɗaya ba za ta zama mai saro kaya, mai niƙa, mai awo, mai liƙi, mai talla da mai kai saƙo tasha ba, kuma duk su yi kyau.

21/ Sai NAFDAC. In kana son kayanka su hau kantar babban shago, lambar NAFDAC za a fara tambayarka. Su kuma ba hoton leda suke dubawa ba, wurin da ake aikin suke zuwa gani. Ɗakin da katifa ke gefe, yara na shiga suna fita, kaji na kiwo a ƙofa, wane jami'i ne zai sa hannu a kai? Ko kai ne jami'in ba za ka sa ba.

22/ Abin da yawancin matasa ba su sani ba: ba dole sai kana da masana'antarka ba. Ana yin yarjejeniya a rubuce da wurin da ya cika sharuɗɗa, su sarrafa maka da sunanka. Manyan kamfanonin duniya haka suke yi. Wayar iPhone da malamin ya yi rubutunsa da ita, in ita ce, ba Apple ke harhaɗa ta da hannunsa ba. Su Foxconn ne. Apple ma malalaci ne?

23/ Yanzu bari in yi adalci, don ba tallan masu liƙi nake yi ba. Kai aiki waje yana da nasa ciwon, kuma na ɗanɗana. Akwai wani mai buga leda a Kano, ba zan kama suna ba, da ya karɓi rabin kuɗina ya ce sati biyu. Sai da aka yi wata biyu. Da ledar ta zo, lamba ɗaya a cikin lambar wayata ba daidai ba ce. Duk bugun.

24/ Na kira shi, ya ce, "Hajiya, ai abin da kika turo ke nan." Na duba, ba shi na turo ba. Amma ba takarda, ba shaida, magana ce ta waya. Na zauna da alƙalami ina gyara lamba leda bayan leda har yatsana ya kumbura. Tun ranar ban sake ba da aiki ba sai an buga samfuri ɗaya na gani na sa hannu.

25/ Akwai kuma matsalar yawa. Mai buga leda ba ya tayar da injinsa don ƙaramin aiki, sai ka ɗauki mai yawa, jarinka ya kwanta a leda. Shawarata ga mai farawa: sayi leda marar rubutu mai kauri, irin wadda aka yi domin abinci, ka buga sitika kaɗan. In kasuwa ta karɓa, sannan ka je Sharaɗa ko Bompai ka yi maganar bugu.

26/ Sai hanya. Duk ɗan Anka, Bukkuyum ko Gummi ya san fita da kaya ba wasa ba ne. Kana tafiya kana addu'a, Inna tana gida tana jan carbi har sai ka kira. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, wanda aikinsa ke hannun wani a nesa ya ga tashin hankali. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba.

27/ Kuma kai aiki waje ba ya nufin an tsira daga guba. A 2023 a Amurka aka janye wani abincin yara na tuffa da kirfa na kamfanin WanaBana, saboda an samu dalma a ciki. A wata masana'anta a ƙasar Ekwado aka yi shi, kuma daga kirfar gubar ta fito. Leda mai sheƙi, rubutun Turanci, shagunan Amurka, amma yara sun sha.

28/ A Bangaladash ma an daɗe ana zuba wa kurkum wani sinadari mai dalma don ya ƙara rawaya ya ja ido. Don haka masu yaji, ku buɗe kunne: inda kuka saro barkono, citta, kanumfari da kurkum yana da muhimmanci kamar inda aka niƙa su. Kayan da launinsa ya fi ƙarfin hankali, a tambaya.

29/ To me nake cewa? Tambayar "gida ko waje" ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce: a wane wuri abincin nan zai kasance a buɗe, me ya taɓa wurin kafin shi, kuma wa zai amsa in wani abu ya faru? In ka amsa wannan da gaskiya, sauran lissafi ne. Ni amsata ta kai ni waje. Taka tana iya kai ka wani wuri.

30/ In kana da ɗaki na daban mai siminti ko tayil, mai ƙofa da raga, injin niƙanka naka ne ka san tarihinsa, cinikinka ya kai ya riƙe ma'aikaci da wuta, to bismillah, yi da kanka, za ka fi ni riba. Amma wannan sunansa ƙaramar masana'anta. Ba shi ne "zauna a ɗakinki ki liƙe" da ake sayar wa 'yan mata a waya ba.

31/ In kuma za ka kai waje, ga abin da wahala ta koya mini. Je da ƙafarka ka ga wurin, kar ka yarda da bidiyo. Tambayi me injin ya niƙa kafin naka, kuma ka tsaya a wanke shi a gabanka. Auna kayanka kafin ka miƙa, auna bayan an gama. Ku rubuta farashi, ranar karɓa da wanda zai ɗauki asara in an ɓata, da shaidu biyu.

32/ Ko Alƙur'ani, ayar da ta fi kowace tsawo a cikinsa, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma mu sai mu ce "ai ɗan'uwa ne, kunya nake ji." Kunyar nan ta cinye jarin mutane da yawa. Rubutu ba zargi ba ne. Mai gaskiya ba ya gudun takarda.

33/ Masu tsoron a sace musu sirrin haɗi: ni ma na ji wannan tsoron. Abin da nake yi, kayan ƙamshin da ke bambanta yajina ni ke auna su, in haɗa a mazubi mai murfi a wuri mai tsabta, in kai a haɗe. Mai niƙa yana ganin gari, bai san awo ba. Kuma gaskiya, abin da ke riƙe kwastoma amana ce, ba kanumfari ba.

34/ Kowane zubi a sa masa ranar da aka yi da lambarsa, ka ajiye leda ɗaya ko biyu daga ciki. Ranar da wata ta kira ta ce ɗanta ya sha kununki ya yi rashin lafiya, za ki san wane zubi ne, wa da wa suka saya, kuma kina da abin da za a kai a auna. Wanda ke liƙi a ɗaki ba lissafi, ranar nan sai rantsuwa kawai.

35/ Mazubi kuma. Don Allah mu daina zuba man gyaɗa da zoɓo a robobin da yara suka tsinto a bola ko bakin asibiti. Mu daina zuba hatsi a buhun taki. Jarkar maganin feshi ko an wanke ta sau goma ba ta zama ta mai ba. Buhun da ba ka san me ya ɗauka ba, a yankinmu musamman, kar ya kusanci abinci. Sabon buhu ya fi jinya arha.

36/ Kuna ganin wasa ne? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin wanda ake zubawa wurin ajiya. Manomi ya yi wahalarsa a gona, aka ɓata a rumbu da buhu. Sunan ƙasa guda ya ɓaci a kan yadda ake adana kaya.

37/ Yanzu ga hujjar da ta fi taɓa ni, kuma daga bakin mahaifiyata ta fito. Ranar da na ce na daina ba matan gidanmu aikin daka da ƙulli, Inna ta kalle ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, to su mi za su ci? Kin ɗauke aiki kin kai ma baƙi." Na rasa abin cewa. Don gaskiya ta faɗa.

38/ Matan nan da kuɗin daka suke sayen sabulu, su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Yawancinsu ba sa fita. Wannan ne ma ya sa dutse ya shigo gida tun farko. Duk wanda zai ce a fitar da aiki daga tsakar gida bai faɗi abin da matan za su koma yi ba, rabin magana ya yi. Ni ma da farko rabin magana na yi.

39/ Abin da muka daidaita a kai da Inna: abinci a buɗe ba ya shiga gida, wanda aka riga aka liƙe yana shiga. Manna sitika, jera leda a kwali, ƙirga, ɗaure saƙon kowane gari, duk matan gida ke yi a cikin ɗaki a kan tebur, kuma ina biyansu. Bai kai kuɗin da ba, ban ɓoye ba. Amma ba wanda zan cutar da ɗansa.

40/ Inna ba ta ce na yi daidai ba, ba halinta ba ne. Abin da ta yi, ta ɗauko tsohon turmin gidanmu, wanda ya ga zamanin dutse, ta sa aka fitar da shi daga gidan gaba ɗaya. Shekara da shekaru yana jingine a bayan ɗaki ta kasa rabuwa da shi, don na kakarmu ne.

41/ Amma maganin gaskiya ya fi ƙarfin ni da Inna. Abin da muke buƙata a Anka, Bukkuyum da Gummi shi ne gidan sarrafa abinci na haɗin gwiwa. Gini ɗaya nesa da inda ake niƙa dutse, a auna ƙasarsa kafin a sa tubali, daɓen siminti, ruwa, sola, injin da bai taɓa ganin dutse ba, sikeli da injin liƙi. Kowa ya kawo kayansa ya biya kaɗan.

42/ A ware ranaku ko ɓangare na mata zalla, mata ke kula da shi, da yardar mazajensu da malamai da masu gari. A 2010 da sarakunanmu suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, an ji maganarsu. Za a sake ji. Aikin ya zauna a yankinmu, ba mai bin hanyar Gusau da buhu don liƙi kawai, kuma NAFDAC wuri ɗaya za ta duba.

43/ Ba abin da ya gagara ba ne. Muna adashen biki, muna haɗa kuɗin gyaran masallaci da rijiya. Mata ashirin masu ƙuli-ƙuli kowace ta sayi nata ƙaramin injin, ko su haɗu su yi wuri ɗaya mai kyau, wanne ya fi? 'Yan majalisarmu da ke rabon keken ɗinki da injin markaɗe duk kakar zaɓe, ga aikin mazaɓa na gaske. SMEDAN, ku ma muna kallonku.

44/ Ga masu cewa ina ɓata wa garinmu suna, wa zai ƙara sayen kayan Zamfara: sunanmu ya riga ya shiga jaridun duniya tun 2010, ba ni na kai shi ba. Geronmu, dawarmu, gyaɗarmu, wakenmu ba su da laifi. "Noma Tushen Arziƙinmu" muke taƙama da shi. Hanyar wanke suna ita ce mu zama mutanen da suka fi kowa tsantseni da abinci, don mun fi kowa sanin kuɗinsa.

45/ Ga malamin kasuwanci kuma: ban ce kai mugu ba ne, Malam. Na ce kana ba mutum dubu shawara ɗaya alhali ba ka taɓa shiga gidan ko ɗaya ba. Kana kallon riba a kan leda, ba ka tambayi a ina aka shanya garin ba. Mai bin ka a Dareta ko Bagega ko Shikira in ta ɗauki maganarka, kai ba ka nan ranar da za a kai yaro asibiti.

46/ Ku kuma masu saye, kuna da ƙarfi fiye da yadda kuke zato. Kafin ki tura kuɗin garin kunun jaririnki, tambayi mai sayarwa: a ina aka niƙa, a ina aka zuba? Mai gaskiya za ta ji daɗin tambayar, har ta turo miki hoton wurin. Wadda ta fusata, kin samu amsarki. Ni ma ku tambaye ni, ban fi ƙarfin tambaya ba.

47/ In kuma gidanku akwai mai zuwa wurin haƙa: ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo, takalmi da kayan aiki su tsaya waje, dutse kar ya ƙetare ƙofar gida. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Yaron da ke yawan ciwon ciki, kasala ko farfaɗiya, a kai shi asibiti a faɗa musu akwai mai haƙa a gidan, a nemi gwajin dalma.

48/ Ƙanena da yana raye da yanzu ya zama saurayi, wataƙila shi ke kai mini kaya tasha. Duk ledar da na biya aka liƙe mini a waje, na san nawa ta rage mini, kuma na yafe. Wanda ke da hujjar da ta fi tawa, ga fili nan, zan karanta in amsa. Ku tura wa duk 'yar'uwar da ke shirin fara sana'ar abinci. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mana yaranmu.